Yawon tsoffin coci-coci a Palermo, kuɗina bai tafi a banza ba

Duk wanda Allah ya kai shi Palermo, babban birnin tsibirin Sisili a kudancin Italiya, shawarata ya biya ɗan jagora ya bi yawon ƙafan nan da ake zagayawa da baƙi tsoffin coci-coci, kar ya ce Google Maps ta ishe shi, dan wallahi akwai abubuwan da zaka wuce ta gabansu baka ma san suna nan ba.

Misali a ƙofar babban cocin garin, wanda aka gina a 1185 a wurin da babban masallaci yake a da, akwai wani ginshiƙi da aka sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa, mutane sai shige shi suke suna ɗaukar hoto, matar da ke mana jagora ce ta tsayar da mu ta nuna mana, na daɗe a tsaye ina kallo jikina duk yayi sanyi. Ashe musulmi sun mulki garin tun 831 har 1072 da Normawa, wasu Turawa kiristoci 'yan asalin arewacin Faransa, suka karɓe shi, kuma sabbin sarakunan basu kori masu sana'ar da suka tarar ba, aiki suka basu.

Inda yafi tsaya min a rai shine Cappella Palatina, ɗan ƙaramin cocin da sarki Roger na biyu ya gina cikin fadarsa. Bango duk ƙananan duwatsu masu ruwan zinare an jera su sun zama hotuna, aikin salon Girkawa, amma ka ɗaga kai sama sai kaga rufin katako mai zurfi-zurfi irin na gine-ginen musulunci harda rubutun larabci, kai abun sai wanda ya gani. Wannan sarkin ne ma masanin nan musulmi al-Idrisi ya zana wa taswirar duniya a 1154. Daga nan muka gangara cocin Martorana da na San Cataldo mai jajayen ƙubbobi uku, suna maƙwabtaka da juna.

Abunda ban ji daɗinsa ba, layin shiga fadar yayi tsawo ga rana, kuma kuɗin tikiti baya cikin abunda na biya kamfanin yawon, basu faɗa min tun farko ba. Lokacin da aka bamu a Palatina shima yayi kaɗan sosai, wurin da ya kamata a bar mutum ya zauna ya more kallo.

A sa takalmi mara tsini, a rufe kafaɗa da gwiwa dan ana ibada a wuraren har yanzu, a kuma rage murya. In yunwa ta kama ku kasuwar Ballaro na kusa, ku nemi panelle, kamar ƙosai yake, amma duk abu mai nama ku tambaya tukun saboda alade. Cocin Monreale baya cikin yawon, yana kan tudu a wajen gari, sai mutum ya ware masa safiya guda ya hau bas.