Hattara da mai karɓar kafin alƙalami a kan motocin tseren Raid da bai ƙera ba

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai tsere da ƙananan motocin wasa na lantarki masu bin tsagin da ke kan titinsu, musamman masu son ɓangaren Raid, wato tseren hawa tudu da faɗawa kwazazzabo, da kuma masu haɗa motocinsu da hannu. Akwai wani mai sayarwa da ke yawo a intanet yana tallar motocin rezin (wani ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare) irin na gasar tseren hamada ta Dakar, sikelin 1:32, wato ɗaya bisa 32 na tsawon motar gaske, wai ƙirar hannu ce kuma guda kaɗan za a yi. Yana karɓar kafin alƙalami, wani lokaci ma kuɗin gaba ɗaya, sannan ya yi ta jan mutane da alƙawari har damar ƙwato kuɗinsu ta wuce. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, domin sunan ba ya daɗewa: da ƙorafi ya yi yawa sai ya rufe shafin ya buɗe wani da sabon tambari. Hanyar da yake bi ce ba ta sauyawa, ita nake so ku gane.

Ya zaɓi wurin da zai yi ta'asarsa da wayo. Mai son motar tseren kwalta yana da zaɓi birjik: motocin Scalextric na nan tun 1957, ga na kamfanonin Carrera da Slot.it da NSR, kullum da sabon abu. Mai son motar hawa tudu da faɗawa kwazazzabo kuwa kasuwarsa ƙarama ce. Jerin motocin STS masu jan ƙafa huɗu da kamfanin Exin na Sifaniya ya fitar a shekarun 1980 sun zama kayan masu tarawa, kamfanin ma ya daɗe da rufewa. Motocin Raid na kamfanin Ninco, irin su Mitsubishi Pajero da Volkswagen Touareg da Bowler Nemesis, yawanci sai dai a same su na hannu. Ita kuwa gasar Dakar ta gaske ba ta tsaya ba: ta bar Afirka ta koma Kudancin Amurka a 2009, ta koma Saudiyya a 2020, kowace shekara da sabbin motocin da mutum zai so ya gani a kan titinsa, alhali manyan kamfanoni ba su cika damuwa da su ba. Ƙananan masu sana'a ne ke cike wannan giɓi, mutum ɗaya a ɗakinsa da mazubin silikon da firintar 3D. Mun saba mu biya su tun kafin su fara, mu jira watanni, don mun san aikin hannu ba ya son gaggawa. Wannan haƙuri namu shi ne jarin ɗan damfarar.

Ga yadda abin ke tafiya. Zai fara da hotuna masu kyan gaske: bodi an fesa masa fenti sumul, sitikoki a daidai, direba da mataimakinsa a zaune cikin kujeru, tayar safaya a baya. Yawancin hotunan nan na wasu magina ne na gaskiya, ya yanke gefen da sunansu yake. Sai ya ce gurbi kaɗan ya rage, za a rufe rajista nan da kwana biyu. Wanda ya yi jinkiri zai ga saƙo a asirce cewa wani ya fasa, an ajiye masa gurbin, amma sai ya biya yau. Idan aka zo biya, nan ne komai yake. Zai roƙe ka ka tura ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, a matsayin kuɗin 'yan'uwa da abokai, wai don kada a cire masa kaso, shi ƙaramin mai sana'a ne. Ko ya ce ka tura kai tsaye ta banki, ko da katin kyauta, ko da kuɗin kirifto, har da ɗan ragi ga wanda ya yarda. Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya ya haɗa su: ba su da kariyar mai saye. Kuɗin da aka tura a matsayin na 'yan'uwa da abokai, PayPal ba ya ɗaukar sa a matsayin ciniki, don haka ba ka da inda za ka kai ƙara a can.

To, wasu sun waye, sun nace sai ta hanyar biyan kaya mai kariya. Ba ya musu. Yana karɓa da fara'a, domin yana da dabara ta biyu, kuma ita ce ta fi cin mutane. A PayPal, mai saye yana da kwana 180 daga ranar da ya biya don ya shigar da ƙorafin cewa kaya bai iso ba. Kwana 180 kusan wata shida ke nan. Ku duba alƙawarinsa: kullum wata uku zuwa huɗu yake cewa. Idan wa'adin ya cika sai uzuri ya fara. Mazubi ya yage, sai an sake zuba wani. Rezin ɗin da aka kawo bai yi kyau ba, shi kuma ba zai ba ku kayan banza ba. Mai buga sitika ya saɓa alƙawari. An kwantar da wani nasa a asibiti. Kowane uzuri yana cin mako uku ko huɗu, kowanne kuma irin wanda mai sana'ar kirki zai iya fuskanta ne, shi ya sa mutum ke jin nauyin matsa masa. Wa zai tsananta wa wanda ya ce mahaifiyarsa ba lafiya? Haka za a yi ta tafiya, yana amsa saƙo cikin ladabi, har ranar ta 180 ta wuce. Daga nan amsa ta fara ƙaranci, sannan ta ɗauke ɗif.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda yake yi da wanda ya farga da wuri ya shigar da ƙorafi. Nan take zai aiko da saƙo mai taushi, ya ce ƙorafin ya sa an riƙe masa asusu, ba zai iya mayar da kuɗi ba sai an janye. Kada ka janye. Mai sayarwa yana iya mayar da kuɗi ta cikin ƙorafin kansa, ba ya bukatar a rufe shi. Kuma ƙorafin da ka rufe da hannunka ba a sake buɗe shi a kan wannan ciniki. Akwai wani tarkon kuma a nan: bayan ka buɗe ƙorafi, kana da kwana 20 ka ɗaga shi ya zama ƙarar da kamfanin zai yanke hukunci a kai. Idan ka bari kwanakin suka wuce kuna ta musayar saƙo, ƙorafin zai rufe da kansa. Ya san wannan sarai, shi ya sa yake cewa a ba shi mako uku kawai.

Wani lokaci zai turo lambar bibiyar kaya don hankali ya kwanta. Ku karanta abin da lambar ke nunawa da kyau. Idan kullum tana cewa an buga takardar aikawa amma kamfanin jigila bai karɓi kaya ba, to babu abin da aka aika. Buga takarda ba ya bukatar a miƙa kwali. Idan kuma ta nuna an isar alhali ba ka ga komai ba, nemi kamfanin jigilar ya ba ka bayanin nauyin kunshin da wurin da aka kai shi, domin ana aika ambulan mara komai zuwa wani adireshi na kusa don kawai lambar ta nuna an isar.

Za ku ce ai akwai waɗanda suka karɓi kayansu, har suka yaba. Gaskiya ne, kuma da gangan ne. Rukunin farko yakan isa, don a sami masu ba da shaida. Masu yawan surutu ma yakan sallame su da kuɗin sababbin shiga. Amma ku dubi abin da ya isa ɗin. Sau da yawa kwafi ne da aka zuba daga bodin wani, ba tare da izinin mai shi ba. Ana gane shi: layukan ƙofa da na bonet sun dushe, ƙananan ramukan iska sun cika gefuna, wani wurin ya yi kauri wani ya yi siriri har haske na ratsawa, kuma bodin yakan ɗan tsuke, sai ramukan taya su ƙi daidaita da shasi. Idan ba a auna haɗin rezin daidai ba, yakan zauna da danƙo yana tsatsafo da maiƙo, fenti ba zai taɓa kama shi da kyau ba. Sitikokin kuma na firintar gida ne, wadda ba ta buga fari, sai ka manna a kan bodi mai duhu rubutun ya ɓace.

Bodi ma da sauƙi. A Raid, ƙarƙashin mota shi ne mota. Titinmu ba shimfiɗaɗɗe ba ne: akwai tudu, akwai gangara, akwai gungume da duwatsu da gada mai lilo, a wasu gasanni har ana barbaɗa gari a kan titi don ya yi santsi kamar ƙasa ko ƙanƙara. Shi ya sa harshen da ke shiga tsagi ake ɗora shi a kan dogon hannu mai sauka da tashi, da sifirin da ke danna shi ƙasa, don ko gaban mota ya ɗaga sama, saƙar tagullar da ke ɗebo wuta ta ci gaba da taɓa ƙarfen titi. Ga shokozoba a ƙafafu, ga bel da fuli ko wata hanya da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba. Shasin da zai jure wannan duka sai mai ɗan lanƙwasa, shi ya sa masu yi da gaske suke buga shi da nailan. Shi kuwa yana rubuta nailan a talla, ya aiko da na rezin mai saurin karyewa kamar gilashi wanda hannun harshen zai karye a faɗuwar farko, ko na robar PLA da ke fara laushi tun wajen digiri 60, injin ya yi zafi kaɗan mazauninsa ya karkace, giya ta daina cizo daidai. Injin ma yakan zama na banza da aka liƙa wa takardar sanannen kamfani. Ranar gasa, masu tantance motoci su gwada shi su ga bai dace da wanda doka ta amince ba, a hana ka shiga bayan duk shirin da ka yi.

Ta nan ne kuma ake kama shi tun kafin a biya, domin wanda bai ƙera abu ba ba ya iya amsa tambayar maƙeri. Tambaye shi kaurin aksil, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke kai: mafi yawan kayan gasa na 1:32 milimita 2.38 ne, na Ninco kuwa 2.48, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya hana taya ko giya zama daidai. Tambaye shi gudun injin a kan bolt nawa na wutar lantarki aka auna, domin Slot.it na bayar da nasa a kan bolt 12, Ninco a kan 14.8, lamba ba tare da bolt ba kuwa ba ta gaya maka komai. Tambaye shi yadda ƙarfi ke isa ƙafafun gaba, da iya nisan da hannun harshe ke sauka. Magini na gaskiya yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, har sai ka gaji da bayaninsa. Wannan kuwa sai ya ce komai na musamman ne, ingancin gasa, kada ka damu. Daga nan ka nemi sabon hoton ƙarƙashin motar, a juye, da takarda a gefe mai ɗauke da sunanka da kwanan wata da rubutun hannu, da gajeren bidiyon motar tana haye wani tudu. Gani ya kori ji. Ka kuma saka hotunan tallarsa a manhajar binciken hoto ka ga ko sun taɓa fitowa da sunan wani.

Ba na so wannan rubutu ya sa ku juya wa ƙananan magina baya. Da yawansu suna makara, wasu sosai, kuma ba su da niyyar cin kuɗin kowa. In ba don su ba, da rabin motocin da ke titinmu babu su. Ana bambanta su da sauƙi. Mai gaskiya yana nuna aikin da ke hannunsa ko da bai kammala ba, da ɓarnar da ta jawo jinkirin. Yana yarda da biya mai kariya, ko da zai ce ka ƙara kason da ake cirewa. Idan wa'adin ƙorafi ya matso, ka ce ya mayar maka da kuɗi ka sake biya sabo don kariyar ta sabunta, ba zai ɗauke shi zagi ba. Wanda ya fusata da wannan bukata, ko ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, ya riga ya ba ka amsa.

Idan ka riga ka biya, buɗe rasitinka yanzu ka ga ranar, ka ƙirga. In kana cikin wa'adi kuma kaya bai zo ba, shigar da ƙorafi yau, ka ɗaga shi kafin kwana 20 su cika, kome zai faɗa maka. In da katin banki ka biya, tuntuɓi bankinka a kan janye biyan, shi ma yana da nasa wa'adin, kuma yakan fi gajarta. Ɗauki hoton tallar da saƙonninku da rasit da sunan asusun da ya karɓi kuɗin tun bai goge shafin ba, domin sunan shafi yana sauyawa amma asusun karɓar kuɗi ba ya saurin sauyawa, kuma da shi ake haɗa tsohon shafinsa da sabo. Kai rahoto ga dandalin da ya yi tallar da hukumar da ke kula da zamba ta intanet a ƙasarka. Idan wani ya biyo ka daga baya yana cewa zai ƙwato maka kuɗin in ka ba shi wani abu tukuna, shi ma ɗan damfara ne, wataƙila ma mutumin ne da wani suna.

Sannan ka faɗa wa shugabannin kulob ɗinku da abokan tserenka, da hujja a hannu, ba da zagi ba. Na san mutane da yawa suna yin shiru don kunyar a ce babba da shi an cuce shi a kan motar wasa, kuma wannan shirun ne ke ba shi damar buɗe rajista ta gaba a cikin mutanen da suka san juna. In ka gano maginin da aka sace hotunansa, sanar da shi, domin shi ne mai haƙƙin neman a sauke su, kuma dandali ya fi saurin amsa ƙorafin mai hoto.