Queen: Montreal na 1981 ko Wembley na 1986? Ga wanda za ka saya

Ɗan'uwa, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, kuma ka tsaya tsakanin wasan Queen, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, na Montreal da na filin Wembley da ke Landan, ka ɗauki Montreal. Duka biyun suna kan kantata, na kuma san wanda ƙura ta rufe.

Ka tuna zamanin da ake zuwa situdiyo a ɗauki hoto, a haɗa maka da nagatif a ambulan? Ko bayan shekara 20 ka mayar wa mai hoto, zai wanko maka babba ka rataye a falo, fes da shi. To ka gwada haka da kaset ɗin bikin wani yayanka da aka ɗauka a 1995. Komai girman talabijin ɗinka, abin da kyamarar ta kama ranar shi ke nan, sai ma dishi-dishin ya ƙara fitowa fili. Abin da ya raba faya-fayan nan biyu ke nan. Montreal da zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke shi, irin na silima, wanda za a iya komawa kan nagatif ɗinsa a sake ɗauko hoton da injin zamani. Wembley kuwa kyamarorin talabijin ne suka ɗauke shi a kan kaset ɗin bidiyo, kuma ma'aunin talabijin ɗin Ingila na lokacin layi 576 ne. Blu-ray layi 1080 ne, 4K kuma 2160. Babu gyaran da zai fito da abin da tun farko ba a kama ba.

Dare biyu aka yi ana ɗaukar Montreal, 24 da 25 ga Nuwamba 1981, a zauren Forum na birnin, a Kanada, wurin da ke cin mutum kusan 18,000. Daraktan shi ne Saul Swimmer, wanda ya ɗauki wasan tallafa wa Bangaladash na George Harrison shekara goma kafin nan. Burinsa a riƙa haska fim ɗin a ƙaton allo, shi ya sa ya kashe kuɗi a kan zaren fim. Ya fara fita da sunan We Will Rock You, ya yi shekaru yana yawo a kaset, ba a hannun mawaƙan ba. Sai daga baya Queen suka karɓe haƙƙinsa, suka sa aka wanke hoton, aka sake haɗa sautin, ya fito a 2007 da sunan Queen Rock Montreal. A Janairun 2024 aka haska shi a silimomin IMAX masu ƙaton allo, a watan Mayu kuma ya fito a faifan 4K. Akwai sharhin biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, Brian May da Roger Taylor, a fitowar 2007, inda ba su ɓoye cewa jininsu bai haɗu da na daraktan ba. Ni a kunnena wannan haushin ya shiga kiɗan. Gudu suke yi kamar waɗanda aka ce mota za ta tashi ta bar su, kuma ya yi wa waƙoƙin kyau.

Abin da ya fi ɗaure ni da shi, su huɗu ne kawai a kan dandamali: Freddie Mercury, Brian May, Roger Taylor da John Deacon. Daga 1982 suka fara tafiya da ƙarin mutum mai danna madannai a gefe, har zuwa Spike Edney da za ka gani a Wembley. A Montreal babu mai rufa musu asiri. In Freddie ya tashi daga kan fiyano, to galibi fiyano ya yi shiru, sai jita da ganguna su cike gurbin. A nan ne kuma suka fara rera Under Pressure a gaban jama'a, wata guda da fitowarta, ba tare da David Bowie da suka yi waƙar tare ba.

Bari in ba ka labarin ranar da nawa ya iso. Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, da ya yi karatu a Zariya farkon shekarun 1980, shi ya koya min jin irin wannan kiɗa tun ina yaro, da wata rediyo mai cin kaset biyu da ba ya bari kowa ya taɓa. Yanzu ya yi ritaya, gemu ya yi fari fat, sai carbi da labarai. Ya zo gidana duba yara bayan isha'i, ya tarar ina kiciniyar buɗe kwali. Na ce Kawu zauna ka ga mutanenka. Ya ce shi ya tuba da wannan tuntuni, amma dai ya zauna a bakin kujera da hularsa a gwiwa, wai minti biyar. Ana cikin waƙa ta uku aka ɗauke wuta. Ban ce komai ba, shi da kansa ya juyo ya ce, “Babu mai a janareton ne?” Muka tayar, muka dawo. Da kyamara ta matso kan Freddie a bakin fiyano, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ana ganin jijiyar wuyansa tana tashi in ya ja murya, sai Kawu ya ce, “Ikon Allah. Shekara 40 ina jin muryar mutumin nan, ashe haka yake yi.” Bai tashi ba sai da rubutun ƙarshe ya gama wucewa. Da zai fita na gaya masa cewa Freddie ya mutu ranar 24 ga Nuwamba 1991, shekara goma daidai da daren farko na wasan da muka kalla. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi shiru, sannan ya ce in ajiye masa faifan, zai dawo. Ya dawo sau biyu.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. 'Yan kallon Montreal kusan ba a ganinsu, kyamarorin sun maƙale wa dandamali, in ka saba da ihun filin ƙwallo za ka ji kamar wurin ya yi sanyi. Waƙoƙi biyu, Flash da The Hero, babu su a fim ɗin, sai a faifan sauti, don hotonsu bai tsira ba. Kuma duk abin da suka yi bayan 1981 ba ka da shi, har da waƙar Radio Ga Ga. Amma wannan giɓin an toshe shi: ka nemi bugun da aka haɗa da Live Aid, wasansu na minti 21 na ranar 13 ga Yuli 1985, wanda aka yi don yunwar Habasha. Shi ma a Wembley aka yi shi, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sai dai shi ma kaset ɗin bidiyo ne, kada ka zaci zai yi kyan Montreal don suna kwali ɗaya. Wata shawara kuma da ba ta shafi hoto ba: Freddie ya fara wasan Montreal da riga mai tambarin Superman, ya ƙare shi daga shi sai farin gajeren wando. Kada ka kunna rabin ƙarshe surukai na falo.

Wembley fa? Yana nan. Mutum 72,000, rigar nan rawaya ta Freddie, alkyabba da kambi a ƙarshe, ya fi tsawo, kuma in ana maganar jama'a na amsa waƙa babu kamarsa. Ranar Asabar 12 ga Yuli 1986 ce, Gavin Taylor ya ɗauka, ya fito cikakke a DVD a 2003, aka sake fito da shi a 2011 haɗe da wasan Juma'ar da aka yi cikin ruwan sama. Muryar Freddie ta ɗan dushe in ka gwada da ta 1981, hoton kuma na talabijin ɗin da ne, mai kusan murabba'i, da baƙi hagu da dama. Yana da daɗin ji. Kallonsa a allo mai inci 55 ne ba na marmari.

Watakila haushin kuɗina ne ke magana, don a kan Wembley aka taɓa yi min sakiyar da ba ruwa. Ba ka tambaya ba, amma gara ka ji. Wani mai saida kaya a intanet ya sa hoton kwali mai sheƙi, an rubuta Wembley 4K da manyan baƙaƙe, wai sabon gyara daga Japan, saura guda uku. Na tura kuɗi har da na dako. Da ya iso, takardar kwalin da firintar gida aka buga ta, har tawada na kama yatsa. Na juya bayan faifan, na ga launin faifan da ake ƙonawa a kwamfuta. Na dai sa. DVD ɗin 2003 ne aka bi ta kansa da manhajar nan mai ƙara wa hoto girma, ta goge fuskokin har sun koma kamar na 'yar tsanar roba. Gashin bakin Freddie ya zama kamar an shafa da kwalli, yatsun Brian May a kan jita suna narkewa suna haɗewa, an kuma yanke sama da ƙasa don hoton ya cika allo, kawunan mutane rabi-rabi. Na koma neman mai kayan, lambar ba ta shiga. Abin da ya fi ba ni takaici, ina da DVD na asali a gida, kuma ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba.

Saboda haka ko Montreal ɗin za ka saya, kada ka biya sai an turo maka hoton bayan faifan, ba na kwali ba. Faifan kamfani bugawa ake yi, a zoben tsakiyarsa akwai ƙananan lambobi da rubutun IFPI. DVD na ƙonawa bayansa shunayya ne, kuma sau da yawa za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya kamar zobe. Ka sa a ɗauki hoton tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar, don wasu hoton wani suke sata. In mai kaya ya fara cewa leda ce ba a buɗewa, alhali farashin bai kai rabin na kasuwa ba, ka riƙe kuɗinka. Duk kuma wanda ya ce maka yana da 4K na wasan da gidan talabijin ya ɗauka a shekarun 1970 ko 1980, ka tambaye shi da me aka ɗauka. Kamfanonin kirki ba sa ɓoyewa: wasan Queen na zauren Rainbow na Landan na 1974 da ya fito a 2014, ɓaro-ɓaro aka rubuta SD Blu-ray a kwalin, ma'ana sautin ne ya samu ƙari, hoton yana nan yadda yake.

In kuma zuciyarka ta nace sai Queen na 1986, akwai mafita, kuma ba Wembley ba ce. Mako biyu bayan Wembley, ranar 27 ga Yuli, sun yi wasa a filin Népstadion na Budapest, a Hangari, lokacin ƙasar tana ɓangaren gurguzu. Masu fim na ƙasar suka ɗauke shi da milimita 35, aka gyara shi ya fito a 2012 da sunan Hungarian Rhapsody. Zagayen wasanni ɗaya ne da Wembley, kusan waƙoƙi ɗaya, amma hoton silima. A ciki ne Freddie ya rera wata waƙar gargajiyar Hangari yana leƙen baitocin da ya rubuta a tafin hannunsa, filin ya ɗauka gaba ɗaya. An datse wasu waƙoƙin, an kuma cusa yawon da suka yi a gari a tsakani, wanda ni yake katse min jin daɗi. Duk da haka shi ne na biyu da zan ce ka saya, in aljihu ya farfaɗo. Na uku kuma ka fita daga Queen ka nemi wasan ƙungiyar Pink Floyd na Pompeii, wanda Adrian Maben ya ɗauka a Oktoban 1971 a tsohon dandalin Rumawa a Italiya, babu ɗan kallo ko ɗaya. Bugun 2025 nake nufi, wanda aka koma kan nagatif aka ɗauko, Steven Wilson ya sake haɗa sautin. Kada a haɗa ka da na 2003 da aka cusa wa hotunan duniyoyin sama na kwamfuta.

Saura maganar na'ura, don nan ma mutane na ƙonewa. Faifan 4K ba ya aiki a na'urar Blu-ray ta da, ba ya aiki a PS4. Yana aiki a PS5 mai cin faifai, da Xbox Series X, da na'urar da aka yi dominsa. Alherinsa shi ne ba a kulle shi da yanki, daga ko'ina ka saya zai yi. Blu-ray na yau da kullum kuwa yanki uku ne: Amurka A, mu da Turai B. DVD kuma Najeriya da Nijar yanki na 5 ne, Ingila na 2, Amurka na 1. Yawancin faya-fayan wasan kiɗa a buɗe suke, amma ka duba bayan kwali kafin ka sa wani ya ɗauko maka daga Amurka. In na'urarka 'yar gwanjo ce, ka duba bayanta ita ma, don yankin ƙasar da aka kwaso ta take bi, ba na inda take zaune yanzu ba.

In talabijin ɗinka ba 4K ba ne, kada ka wahalar da kanka, Blu-ray na Montreal ya ishe ka, shi muka kalla da Kawu. Ka dai tabbatar mai Live Aid ne. Canjin da ya rage ka sa a lasifika, ko 'yar ƙarama ce, don lasifikar jikin talabijin ba ta fito da jitar John Deacon, kuma a Another One Bites the Dust ita ce waƙar gaba ɗaya.