Ɗakin saman bene a Tarauni: wai wuta da ruwa duk suna cikin kuɗin haya

Shekara guda muka yi ni da maiɗakina a wani ɗaki da ke can ƙololuwar bene mai hawa uku a Tarauni, irin wanda falo da kicin suke haɗe, sai ka taka matakalar katako ka hau wajen kwana a ƙarƙashin rufi. Abin da ya ja ni maganar dillali ce: wuta, ruwa, kwasar shara da intanet duk suna cikin kuɗin haya. Mun tare a watan Yunin 2024, wata biyu bayan an kai wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, kowa a Kano yana kukan sayen kati. Da na ji ba ruwana da mita, ko tayi ban yi ba, na biya na shekara har da la'ada da kuɗin ajiya.

Tsakani da Allah, watannin farko mun ji daɗi. Damina ce, iska na shigowa ta manyan tagogi, da an ɗauke wuta kuma kafin ka lalubo tocila inji ya tashi. Har abokan aikina biyu na yi wa tallan gidan.

Sai ga ƙarshen Oktoba, lokacin da layin da ke kawo wa Arewa wuta ya lalace, aka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Kwana biyun farko injin ya yi aiki yadda aka saba. Rana ta uku mai kula da gidan ya liƙa takarda a bakin get: daga yau inji ƙarfe 7 na yamma zuwa 11 na dare kawai, kuma kowane ɗaki zai kawo gudummawar man gas. Na same shi a ƙasa na ce, "Malam, ba haka muka yi da ku ba, ga takardar yarjejeniya." Ko kallon takardar bai yi ba, ya ce, "Yallaɓai, wutar gwamnati muke nufi. Wannan kuwa mai ne, kuma Alhaji ba ya gari." Wallahi maganar nan har yau tana ci mini rai. Da wutar gwamnati kaɗai nake so, ai da na kama gida mai rabin kuɗin wannan a Hotoro na sayi katina.

Ruwan ne ya fi ba mu wuya. Awa huɗu ba ta isa injin burtsatse ya cika tankunan sama ba, ɗan abin da ya hau kuma na hawan ƙasa suke fara janyewa, mu na ƙarshe sai famfo ya yi ta tari babu ko ɗigo. 'Yan ga-ruwa suna zuwa bakin get da kurarsu, amma babu mai yarda ya hau bene uku da jarka sai an ninka masa kuɗi. Maiɗakina tana da ciki wata shida a lokacin. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a kan matakala ta biyu, bokiti a gabanta rabinsa ya zube, tana haki. Naman da muka ajiye a firji kuwa a kwana na biyar muka zubar da shi.

Mutum ɗaya ba zan manta da shi ba, tsohon mai gadi. Kullum bayan sallar asuba sai in ji ƙwanƙwasa, in buɗe in ga jarka biyu a ƙofa. Na ce, "Baba, ka bari, ƙafarka fa." Ya ce, "Ɗana, ai ba don kai nake yi ba, don Amarya ne." Ko sisi bai taɓa tambaya ba. Saboda shi ne ma da wuta ta dawo na huce, na ce ƙaddara ce da ta shafi kowa, in Allah ya kai mu zan sabunta haya.

Amma da bazara ta shigo na gane mene ne kwana a ƙarƙashin rufin kwano a Kano. A Afrilu zafi yana haura digiri 40, wajen kwanan nan sai ya koma tanda, aka kuma kafa sabuwar doka cewa ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki a kan inji. Da jaririya a hannu, falo muka dawo muna shimfiɗa tabarma a kan tayil.

Da muka tashi a watan Yuni na je karɓar kuɗin ajiyata, sai aka miƙo mini lissafi an cire gudummawar man nan da na ƙi biya tun Oktoba. Na kira Alhajin sau huɗu bai ɗaga ba. Abokin aikina ɗaya da na kai gidan yana can har yanzu a hawa na biyu, kuma jiya ya ce mini an sake liƙa wata takardar a bakin get.