Bok choy, gai lan ko kangkong: wanne za ka saya?

Wanda ya shiga kasuwar kayan miya a Guangzhou ta ƙasar Sin ko Kuala Lumpur ta Malesiya zai ga waɗannan ganyaye jere, duk kore shar kamar iri ɗaya. Karan za ka duba, don shi ke nuna yadda kowanne zai dahu.

Bok choy ya fi sauƙin sha'ani, kuma kashi biyu ne. Akwai mai farin kara mai kauri, akwai na Shanghai da karansa ke da kore-kore, a lanƙwashe kamar cokali. Na Shanghai ya fi laushi, minti 2 zuwa 3 a wuta mai ƙarfi da tafarnuwa ya nuna. Mai farin karan ruwa gare shi, romo ya fi karɓarsa. In ka zuba shi da yawa a kasko sai ya saki ruwa, suya ta koma dahuwa, ya yi lagwab. Matsa gindin kafin ka biya: in da tauri, sabo ne, in ya yi taushi ko ya soma baƙi, bar shi. Yashi na maƙalewa a can, sai ka tsaga shi biyu a tsaye ka wanke.

Gai lan ɗan gidan su kabeji ne, karansa kauri, da ɗan ɗaci-ɗaci. Nemi wanda karansa bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, furensa fari bai buɗe ba. In wurin yankan ya bushe ko ya yi rami a tsakiya, ya tsufa, zare-zare za ka tauna. Tafasa shi minti 2 a ruwan gishiri kafin suya, in ba haka ba ganyen ya ƙone karan bai nuna ba. Mai furen rawaya da siririn kara shi ne choy sum, ya fi shi zaƙi.

Kangkong kuwa dangin dankalin Hausa ne, a ruwa yake fitowa, karansa da rami. Yana ɗaukar yaji sosai, amma ba ya kwana: ka saya yau, ka dafa yau, kuma ka wanke shi da kyau.

A Sin da ma'aunin da ake kira jin ake aunawa, wato rabin kilo. Jin ɗaya ya ishi mutum biyu ko uku, don ganyen na raguwa sosai a wuta. In ajiya za ka yi, ɗauki bok choy ko gai lan, ka sa a firji ba tare da wankewa ba. Suna kai kwana 3 zuwa 4.