Tseren Baden ko Derby na Hamburg?

Wallahi ni dai in za a ban zabi a tseren dawakan Jamus na Baden zan dauka. Shi ne ma ya fi dadewa, tun 1858 ake yinsa a garin Iffezheim kusa da Baden-Baden, shi ko Derby na Hamburg sai 1869 ya zo. Duka mita 2400 ne fa, amma Derby na dawakai 'yan shekara uku ne kawai, doki sau daya yake shiga a rayuwarsa shikenan. Baden kuwa manya da yara ake hadawa, shi ya sa godiyar nan Kincsem ta Hungary ta ci sau uku a jere, 1877 zuwa 1879, a 1878 ma kunnen doki suka yi da wani, aka sake gudu ta wuce shi fintinkau.