Jiuzhaigou ko Huanglong? Alhaji ka tafi Jiuzhaigou kawai

Alhaji barka da war haka. Ka tambaye ni wanne za ka je tsakanin Jiuzhaigou da Huanglong, wuraren yawon buɗe idon nan biyu na cikin duwatsun lardin Sichuan a China. Tunda kwana uku kacal ka ce za ka iya warewa bayan an tashi daga Canton Fair, baje-kolin kasuwancin nan na birnin Guangzhou, to ɗaya na tafiya ne ɗaya na dawowa, wuni guda ya rage maka, kada ka raba ƙafa. Jiuzhaigou za ka je. Ni na je duka biyun a tafiya ɗaya, ɗaya har yau hotonsa ne a fuskar wayata, ɗayan kuwa in na tuna shi kuɗina nake tunawa.

Wallahi ranar da na tsaya bakin tabkin da suke kira Wuhua Hai sai da na yi shiru na kusan minti biyar, tasbihi kawai nake. Ruwa ɗaya amma nan shuɗi, can kore shar, gefe kuma ruwan ɗorawa, kuma garau har ƙasa kana hango gungumen itatuwan da suka faɗa ciki tun da daɗewa suna kwance sun giccie juna, ƙananan kifaye na bi ta kansu. Na tura wa Hajiyarmu hoton ta ce wannan ai marina ce, wa ya zuba musu baba haka, sai da na yi ta rantsuwa kafin ta yarda ba hannun mutum ba ne. Abin da ke kawo launin, ruwan yana ɗauko sinadarin farar ƙasa daga duwatsun wurin, ga gansakuka a ƙasa, ga bambancin zurfi, rana na bugawa sai kowane sashe ya ba da nasa. Kuma lokacin da za ka je, ƙarshen Oktoba, shi ne ganye ke komawa ja da rawaya, ka taki sa'a sosai.

Abin da ya sa nake cewa nan ɗin musamman ga mai shekaru irinka, ƙofar shiga tana wajen mita 2,000 ne a sama, motocin bas na ciki su ke hawa da kai a hankali har Dogon Tabki da ya kai kusan mita 3,100, daga nan sai ka riƙa gangarowa a kan hanyar katako, in ka gaji ka sake hawa bas. Kada ka bari ruwan Nuorilang mai zubowa ya wuce ka, faɗinsa mita 270. Girgizar ƙasar Agustan 2017 ta sa an rufe wurin na wani lokaci amma an gyara an buɗe tuntuni.

Huanglong kuma, to, yana da kyau ba zan yi ƙarya ba, shi ma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerinta na wuraren gado na duniya a 1992 tare da Jiuzhaigou. Amma ƙananan kududdufai ne hawa-hawa, kuma mafi kyawunsu ya haura mita 3,500, ko ka hau motar igiya sai ka taka mai nisa. Ni dai saboda tsayin wurin ciwon kai na kwaso kamar ana sara min gatari.

Maganar dabbobi, kada hotunan talla su ruɗe ka. Eh akwai panda a dajin, akwai birin nan mai gashi ruwan zinare da ɗagaggen hanci, akwai wata dabba da ake kira takin mai kama da sa da akuya a haɗe, amma suna can ƙurmi nesa da hayaniyar mutane. Ni kurege na gani da tsuntsaye, sai shanun Tibet masu gashi buzu-buzu a bakin titi. In panda kake so ka kwana Chengdu, babban birnin lardin, ka yi sammako cibiyar renonsu, da safe suke cin gora, rana na yi barci ne kawai.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka. Ka guji masu tallan yawo mai araha a bakin otal. Ni na biya irinsa, rabin ranar a shagunan duwatsun ado da magungunan gargajiya muka ƙare, ɗan rakiyar ya tsorata mu wai in ba gwangwanin iskar shaƙa ta oksijin mutum zai iya sumewa saboda tsayin wurin, na sayi uku, washegari na ga irinsu a kanti kuɗin bai kai rabi ba. Biyu ma ban buɗe ba, kuma ba a hawa jirgin sama da su, a ɗakin otal na baro su.

Ka hau jirgin ƙasa mai sauri daga Chengdu, wajen awa biyu ne zuwa tashar Huanglongjiuzhai, sai mota kusan awa biyu zuwa ƙofa. Tikitin shiga ka saya tun kafin ka taso, da fasfo ake yi kuma akwai adadin da suke bari kullum. Abincin halal ka nemi shagon Musulmin China 'yan ƙabilar Hui, garin Songpan da ke kusa da tashar har masallatai akwai. Sannan rigar sanyi mai kauri Alhaji, wadda kake sawa da hunturu a Kano ba za ta yi ba.