Sharhi kan tsarin bibiyar ciniki da aka haɗa mana da Power BI

Taki, iri da maganin feshi muke sayarwa a Katsina, muna kuma da reshe a Daura. Kafin faɗuwar damina muka ɗauki wani matashi mai aikin tantance bayanai ya haɗa mana tsarin da zai riƙa nuna halin da shagunan suke ciki. Yanzu kaka ta wuce, na ga amfaninsa, na ga inda ya gaza.

Rabin kuɗin da na biya, a ganina, tambayoyinsa ne suka ci shi, kuma sun cancanta. Da farko ko kwamfutarsa bai buɗe ba. Ya zauna da ni, ya zauna da akawunmu, ya shiga sito wurin yara, har direba bai bari ba. Duk abin da na ce ina so in gani, sai ya ce, "To Alhaji, in ka ga wannan lambar, wace shawara za ka yanke?" Wanda na rasa amsarsa, ya soke shi. Na so a cika allo da zane-zane, ya tsaya kan uku: kayan da suka rage a sito, bashin da ya wuce kwana 30, da maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa.

A wannan zaman aka gano abin da ya daɗe yana haɗa ni da ƙanena mai kula da Daura. A Katsina, buhu na fita ake rubuta shi a cinikin ranar, ko da bashi ne. A Daura sai kuɗi sun shigo hannu. Shi ya sa kullum Daura ke zama kamar ba ta motsi, alhali dillalan ƙauye ne ba sa biya sai sun sayar da amfanin gona. Haka sunayen kaya: taki ɗaya, wani ya rubuta NPK, wani kamfa, wani 15-15-15. Ga buhu mai kilo 50, ga wanda ake farkewa a auna da tiya. Duk ya daidaita su a takarda shafi biyu, muka karanta, muka sa hannu, sannan ya fara gini.

Manhajar da ya yi ginin da ita kuwa, wato Power BI, ta Microsoft ce, tun 2015 take kasuwa. Wadda ake ɗorawa a kwamfuta kyauta ce, amma sai mai Windows. Yara na shigar da ciniki a Excel, wani sashe da ake kira Power Query ya tace, allo ya nuna. In kana so kai da wani ku riƙa gani a waya, nan fa sai lasisin wata-wata, kowane mutum da nasa, kuma farashin da dala ake yanka shi. Mu biyu kawai muka yanka.

A watan Yuli ta yi mana rana. Na ga yuriya na zaftarewa a Daura tun sito bai yi ƙasa ba, muka tura mota da wuri, ba mu mayar da manomi ko ɗaya hannu rabbana ba.

Inda na ga gazawar matashin, bai koyar da yaranmu sosai ba. Ranar da shago ya cika, ko wuta ta ɗauke, sai a bar shigar da bayanai zuwa gobe, allo kuma ya ci gaba da nuna lambobin jiya ba tare da ya faɗa maka na jiya ba ne. Sai da na matsa ya sa kwanan wata a sama.

Sannan duk tambayoyin nan nasa ba su kai ga sefa ba. Masu sayen kaya daga Nijar da ke shigowa ta Kwangwalam wani lokaci da sefa suke biya, tsarin kuwa naira kaɗai ya sani. Ya ce ƙara wannan sabon aiki ne mai kuɗinsa daban. Ni na ce cikon na farko ne. Har yanzu ba mu daidaita ba, ƙanena na rubuta na sefa a littafi.